Da Mun Ce Gona Ya Tafi, Da An Bar Shi Ya Rubuta

Zuwa ga Shugaban makarantar sakandaren jeka-ka-dawo ta yankinmu, a ƙasar Maska.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da malaman da ke ƙarƙashinka. Ya aiki, ya kuma aka ji da kaka? Allah ya sa abin da muka tara mu ci shi cikin lafiya.

Sunana Lawal, an fi sanina da Lawal magini. In sunan bai faɗo maka ba, ni ne mutumin nan da ya faɗo ofishinka farkon kakar bana da laka har gwiwa, yana zuba magana ko numfashi ba ya yi, har ka ce in zauna in sha ruwa tukuna. Ni ne kawun Bishir, ɗalibinka na ajin ƙarshe, golan makarantarku, wanda yara ke kira Danƙo saboda in ƙwallo ta taɓa hannunsa ta zauna ke nan. Uwarsa yayata ce, ciki ɗaya. Ubansa yana nan da ransa da lafiyarsa, amma Bishir ɗan fari ne, ka kuwa san halin mutanenmu. Ko sunan yaron ba ya iya kamawa a bainar jama'a, balle ya fito ya tsaya masa. Ni Allah bai ɗora mini wannan kunyar ba, shi ya sa alƙalamin ya faɗo hannuna.

Na so mu ƙare maganar nan mu biyu a ofis. Na yi ta zarya, yau a ce kana taro a Funtuwa, gobe a ce ka fita ke nan. Ga shi lokaci na ƙure mana, kuma abin ya shafi iyaye da yawa ban da mu. Don haka na fito da shi fili, ka yi mini afuwa.

Bari in fara da albishir, don wallahi ko ɓacin ran da nake ciki bai iya danne mini shi ba. An ɗauki Bishir. Wani kulob da ke buga gasar ƙasa ya gwada tarin masu tsaron gida daga jihohi daban-daban, ya zaɓi yaronmu. Yaron ƙauyenmu, wanda ya koyi ƙwallo a fegin da aka girbe dawa, kututture na yankar masa ƙafa.

Ina wurin ranar da aka rufe gwajin. Motar masara na hau zuwa Kaduna, a saman buhuna, don ban iya zama gida ina jiran waya ba. Ranka shi daɗe, da ka ga filin. Ciyawa shar, a kwance kamar an shimfiɗa darduma. Da aka zo bugun daga kai sai gola, suka jera masa wasu ƙarta, kowane cinyarsa ta kai turmi. Na farko ya buga ƙasa-ƙasa, Bishir ya kwanta ya rungume. Wani ya ɗaga ta can kusurwa, ni har na rufe ido, sai na ji wurin ya ɗauki sowa. Ya tashi sama ya doke ta da yatsu ta haye raga. Ban san lokacin da na tsallake shingen ba. Sai ganina na yi a tsakiyar fili, ƙato da ni da furfurata, ina ta faɗa wa mutanen da ba su san ni ba cewa ɗan yayata ne. Masu gadi suka rako ni waje suna dariya. Hulata ma can na baro ta, har yau ban yi kewarta ba.

Kocin nasu ya tambaye shi wa ya koya masa cafiya haka. Ya nuna ni. To, ni ban taɓa tsaron raga ba a rayuwata. Abin da na sani, tun yana ƙarami in an yi hutu nakan ɗora shi bisa katanga in muna gini, lebura na cillo curin ƙasa daga ƙasa, shi yana cafewa yana miƙo mini. Curin ƙasa yana da nauyi, yana da santsi, kuma in ka sake shi a kan wanda ya jefo zai sauka. Nan hannun ya nuna.

Yanzu ga kukana, zan kawo shi ɗaya bayan ɗaya.

Na farko. Ranar da malamin wasanninku, Malam Yohanna, ya zo har wurin aikina ya ce an gayyaci Bishir gwaji, kuma zai yi 'yan makonni a can, yayata ta ba ni shawara. Ta ce kada in wahalar da kaina, a aika da yaran maƙwabta su ce wa malamin aji Bishir ya tafi gona, kamar yadda kowa ke yi in kaka ta kama. Na ce mata ina, wannan ba labarin ɓoyewa ba ne. Yaro zai ɗaga sunan makarantarsa, sai mu laɓe bayan karan dawa? Na hau babur ko ƙafa ban wanke ba, na zo na same ka, na faɗa maka komai: inda zai je, da abin da zai kai shi, da cewa tafiyar za ta ci jarrabawar zangon farko. Ka miƙo mini hannu, ka ce abin alfahari ne, ka yi masa addu'a. Ba ka ce mini akwai doka ba. Ba ka ce in ya tafi ƙofa za ta rufe ba. Na fito daga ofishinka bakina har kunne.

Da ya dawo, aka ce ba shi da sakamakon zango, kuma duk wanda ba shi da sakamakon zango makaranta ba za ta sa sunansa cikin masu rubuta jarrabawar fita ba. Dalilin da aka ba shi, wai wasa ya tafi, wasa kuwa ba uzuri ba ne.

Na biyu, kuma nan ne abin ya tsaya mini a wuya. Ranka shi daɗe, ba Bishir kaɗai ne ya rasa jarrabawar nan ba. Ni da kai duk mun san yadda ajujuwa ke yin fayau daga an fara karyar masara har a gama tsinkar auduga. Tun ina yaro haka ake yi a ƙasar nan, daga nan har Mahuta, har can wajen Malumfashi. Ba a rubuce yake a ko'ina ba, amma kowa ya san shi. Uba ya aiko a ce yaro ya tafi gona, malami ya gyaɗa kai, don shi ma malamin tasa masarar na can tana jiransa. In an kwashe amfani yaro ya dawo, wani lokaci da ɗan ɗanɗanon sabon wake a ƙulle na gaisuwa, sai a ware wata Asabar a tara su a aji guda su rubuta abin da ya wuce su. Har suna muka ba ta, jarrabawar 'yan gona.

Ban kawo wannan don in tona asirin kowa ba. Al'ada ce mai kyau, Allah ya saka wa wanda ya fara ta. Ba don ita ba, da rabin 'ya'yan manoma ba su ga ƙarshen sakandare ba, don babu uban da zai bar auduga ta zube ƙasa saboda jarrabawa. Makarantarku ta gane cewa yaro na iya samun aikin da ba ya jira, ta yi masa hanya ya yi aikin kuma ya riƙe karatunsa.

To, bana ma an yi jarrabawar 'yan gona. Bishir ya yi wanka, ya sa kayan makaranta, ya zo da bironsa. A bakin ƙofar aji aka tare shi, aka ce shi ba ɗan gona ba ne. Abokansa na ciki suna rubutu, shi yana tsaye a baranda. Cikin waɗanda suka rubuta akwai wanda duk garin nan an san acaɓa ya yi a Funtuwa kakar nan gaba ɗaya, ko zangarniya ɗaya bai yanka ba. Shi dai an aiko an ce gona, magana ta ƙare. Ban ga laifinsa ba, neman na kai ya je, kuma ina murna da aka bar shi ya rubuta. Amma ka duba mini wannan lissafin. Wanda ya ce gona alhali ba gona ba, an buɗe masa ƙofa. Mu da muka zo da ƙafarmu muka faɗi gaskiya, an rufe mana. Me muke koya wa yaran ke nan? Yayata ko kallona ba ta son yi yanzu, ta ce ga amfanin zumuɗina nan. Ni kuma har gobe ban yarda na yi kuskure ba, kuma ina so kai ka tabbatar mini ban yi ba.

Na uku. An ce wasa ya tafi. Ranka shi daɗe, ka zo ka ga hannun yaron nan da gwiwoyinsa, sannan ka ce wasa. Safe da yamma suke atisaye a can, har amai ya ce yana yi saboda gudu. Aiki ne, ana ɗaukar mutum a kansa, ana biyansa, ana kuma korarsa in bai iya ba. Kuma yana da lokacinsa kamar auduga, in ya wuce ya wuce. Ba mu muka zaɓi watan gwajin ba.

Ban kuma ji an kira shi wasa ba a bara, da ya tare bugun nan na ƙarshe makarantarku ta ɗauko kofin shiyya. Ranar kai da kanka ka rungume shi a gaban jama'a, aka ɗauke ku hoto. A zangon nan sau nawa aka fitar da shi daga aji ana tsakiyar darasi don ya je ya buga wa makaranta? Ba mu ce uffan ba, murna ma muka yi. In ya bar aji don sunan makaranta hidima ce, in ya bari don gobensa sai ta koma wasa? Wannan bai yi mini daidai ba.

Na huɗu, ga halin da muke ciki yau. Tun da aka ɗauke shi wani dillalin 'yan wasa ya maƙale mana. Mota mai sanyi, turare kamar an yi ɓari. Kullum maganarsa ɗaya, wai me Bishir zai yi da takardar sakandare, masu digiri ma ga su nan suna yawo da fayil a hammata. Ya tattara ya bi shi kawai, nan da ɗan lokaci sai Turai. Kafin abin nan ya faru, in ya faɗi haka Bishir murmushi kawai yake yi, ya ce shi sai ya ƙarasa, ai saura ƙiris. Tun ranar da aka tsayar da shi a baranda ya daina cewa haka. Yanzu cewa yake makarantar da ba ta son shi, shi ma ba dole. Ran yaro ne ya ɓaci, kuma ɓacin ran ɗan shekara goma sha takwas ba ya hangen nesa.

Mutane na ta tambayata, wai ni ina na tsaya, ya bar boko ya bi ƙwallo ko ya bar ƙwallo ya bi boko. Majalisar mai shayi ta garinmu ta rabu biyu a kan haka, har an kusa ba hammata iska. Ni ga inda na tsaya.

Ba zan ce ya bar ƙwallo ba, ko da wasa. Na ga abin da Allah ya ba shi da idona. Irin wannan dama ba ta zuwa ƙauye kullum, kuma wanda ya ce masa ya jira sai ya gama komai tukuna bai san harkar ba, kulob ba ya ajiye wa kowa gurbi. Ina so ya tafi. Ina so wata rana mu cika gidan kallon ƙwallo na garinmu, ba don Turawa ba, don Danƙo.

Amma ba zan ce ya bar makaranta ba. Akwai wani Isiyaku da muka taso tare, mai tsaron baya. A zamaninmu daga Funtuwa har Malumfashi babu wanda bai san ƙafarsa ba. Yana aji huɗu wani kulob ya ɗauke shi, muka raka shi tasha da kiɗa. Ya yi 'yan shekaru yana haskawa, sai gwiwa ta tafi a wani wasa da ba shi da wani muhimmanci. Suka sallame shi. Da ya dawo, an so a ba shi aikin koyar da wasanni a wata makaranta, an so a tura shi kwas na koci, ko'ina sai a ce ya kawo takardar sakandare. Babu. Yau yana gadi a wani injin gurzar auduga, yana jan ƙafa. Mutumin kirki ne, yana ci da guminsa, ban raina sana'arsa ba. Amma shi da bakinsa ya zo gidanmu da ya ji labarin Bishir, ya kama hannunsa ya ce ya je ya buga, amma kada ya kuskura ya tafi hannu rabbana irin tasa tafiyar.

Gola da yatsu yake ci. Ni magini ne, na san yadda yatsa ke karyewa, ba ya sallama. Sannan yaron da zai zauna gaban mutane irin dillalin nan a miƙo masa kwantiragi da Turanci, gara a ce yana iya karanta abin da zai sa wa hannu.

Abin da ya ƙara mini ƙarfi, kocin kulob ɗin ba irin dillalin ba ne. Na same shi na yi masa bayani. Ya ce shi ma uba ne. Ya ce Bishir ya zo ya fara da su yanzu, in lokacin jarrabawar fita ya yi zai sake shi ya dawo ya rubuta, gurbinsa na nan. Malam Yohanna kuma ya ce shi da wasu malamai biyu za su riƙa tura masa darasi ta waya, kyauta, don yaron yana da kai, bai taɓa maimaita aji ba. Ka ga ke nan kulob ya yarda, malamai sun yarda, gida mun yarda. Wannan zaɓin da ake ta gardama a kansa, ko boko ko ƙwallo, mu an ɗauke mana shi. Wuri ɗaya ya rage da ke cewa sai dai ɗaya, shi ne ofishinka. Ban taɓa zaton makaranta ce za ta tsaya gefe ɗaya da dillali ba, tana taya shi cewa yaro ya bar karatu.

Na san kana da naka dalilin. Wataƙila kana tsoron in ka buɗe wa Bishir, gobe duk yaron da ya ga dama zai ɓace ya ce gwaji ya tafi. Gaskiyarka, yaranmu ba su da dama. Amma wannan mai sauƙi ne. Gwaji yana da shaida fiye da gona ma. Malamin wasanni ya sani, kulob na da wayar da za a kira, iyaye su zo da kansu kamar yadda na zo. Wanda ya cika waɗannan a yi masa uzuri, wanda bai cika ba a hukunta shi, ni zan fara goyon bayanka.

Saboda haka, ranka shi daɗe, ga roƙona.

Ka ba da izini a yi wa Bishir jarrabawar da aka yi wa 'yan gona. Ba alfarmar maki nake nema ba. A tsananta masa, a zaunar da shi a gabanka in ka so. In ya faɗi, shi ya faɗi da kansa, ba za ka sake jin bakina ba.

In ya ci, ka sa sunansa cikin masu jarrabawar fita kafin a rufe rajista, don an ce mana ta kusa.

Ka kira taron iyaye da malamai a zauna a kan yaran da wasanni ke kira, mazansu da matansu. Akwai wata yarinya a aji huɗu da aka ce in tana gudu ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Gobe ita za a zo nema. A yi musu tsari tun yanzu, kada iyayenta su koyi darasi daga kanmu su ce gona ta tafi.

Sannan, in ba zai zama raini ba, ka kira Bishir da kanka. Daga bakinka yake buƙatar ya ji cewa makarantar nan tasa ce. Ni na faɗa har na gaji, ya ɗauka lallashi ne irin na kawu.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ɗaukaka darajarka, ya ba ka ikon yin adalci a kan 'ya'yan mutane da aka damƙa maka. Allah ya shirya naka 'ya'yan, ya haɗa su da masu buɗe musu ƙofa a duk inda suka je. In na yi kaushin harshe a wani wuri, zafin abin ne, ka yafe mini.

Abu ɗaya ya rage in sanar da kai. Shekaranjiya Bishir ya ninke kayan makarantarsa, riga da wando, ya ajiye wa uwarsa a kan keken ɗinkinta. Ya ce ta rage su ta ba ƙanensa da ke aji biyu, shi ya gama da su. Ta auna ƙaramin, ta sa alli ta ja layi a ƙafar wandon inda za a yanke. Na shigo na tarar da almakashi a hannunta. Na roƙe ta ta dakata, na ce na rubuta wa Shugaba, ta bari mu ji. Ta dube ni ta ce ta ji, za ta jira, amma in sani wando in an yanke shi ba ta da yadda za ta mayar masa da tsawonsa. Yana nan rataye a jikin keken, da layin allin a kansa.

Wassalam, daga mai sauraron amsarka,

Lawal magini,
kawun Bishir.